Shirun 'Yar Tsako

Ranar da Dogo ya fara ganin 'yarsa, ta bayan gilashi ya gan ta, a cikin kwalbar da ake sa bakwaini. Ya daɗe a tsaye, hularsa a hannu. Duk tsawonta bai kai daga gwiwar hannunsa zuwa yatsunsa ba, fatarta ja ce sirara har jijiyoyi sun fito, ƙirjinta kuma na ɗagawa da sauri kamar na tsuntsun da aka kama. Da zuciyarsa ta kasa ɗaukar kallon yarinyar, sai ya koma kallon kwalbar, kuma a nan ne hankalinsa ya ɗan kwanta, domin ya ga abin da ya sani. Akwati ne, da ɗumi a ciki, da ma'aunin zafi a gefe. Shi kuwa tun yana saurayi kiwon kaji ne sana'arsa. Yakan karɓo 'yan tsaki sababbin ƙyanƙyasa, ya raine su a ƙarƙashin ƙwan lantarki har su yi gashi, kuma a unguwar an shaida nasa ba sa mutuwa.

Bai faɗa wa kowa abin da ya ƙudura ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Auta don ita ce ƙaramar gidansu, tana kwance a asibiti da ɗinkin tiyata, mahaifiyarta na jinyarta. Shi kuwa kullum ya dawo daga dubiya sai ya zauna a tsakar gida da sabon katako. Ya auna, ya yanka, ya goge kowane gefe har ya yi santsi kamar faranti, ya dunƙufar da kan kowace ƙusa don kada ta karci kowa. Ya shimfiɗa auduga mai kauri a ciki. A sama ya kafa sanda ya rataya sabon ƙwan lantarki da igiyar da ake iya sassautawa ko a ja, daidai yadda yake yi wa 'yan tsaki. Ma'aunin zafin ma sabo ya saya, bai yarda ya ɗauko na ɗakin kaji ba.

Ranar sallama, nas ɗin da ke kula da ɗakin jarirai, wata babbar mace mai ƙaramar murya da kowa ke ce wa Sista, ta zaunar da su don ta yi musu bayani. Dogo ya fita neman tasi da kwasar kaya, sai a ƙarshen maganar ya dawo. Abin da ya shiga kunnensa shi ne kada a bari yarinyar ta yi sanyi ko kaɗan. Ya gyaɗa kai da ƙarfi. Sauran bayanin ya bar wa mata, don a ganinsa nasu ne.

Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, ɗakin kajin yana can bayan katanga. Damina ta yi nisa, bango ya sha ruwa, ko da rana akwai wani sanyi mai danshi da ke bin ƙafa. Da ya janye zanin da ya rufe akwatin da shi, surukarsa, wadda shi ma yake kira Inna, ta dube shi, ta dubi akwatin, ta ce an gode, da irin muryar da ake gode wa yaro in ya kawo kyautar ƙadangare. Auta kuwa dariya ta kama ta har ta dafe ɗinkinta tana roƙon a fitar da shi daga ɗakin kafin ya kashe ta. Ta ce tunda uban ya riga ya yi mata akurki, ai sai a kira ta 'Yar Tsako. Sunan ya zauna. Akwatin kuma aka tura shi lungu, aka ɗora masa kayan wanki.

Abin da Sista ta koya musu daban ne. Yarinyar daga kunzugu sai hula da safa, a kwantar da ita a tsaye tsakanin nonuwan uwarta, fata na taɓa fata, fuskarta a juye gefe don ta sha iska, a ɗaure ta da zani, a ɗora riga a kai. Haka za ta wuni, haka za ta kwana, uwar na jingine da filo. Ba a yi mata wanka tukuna, sai dai a goge ta da tsumma mai ɗumi a yi maza a tsane ta. Duk mai taɓa ta sai ya wanke hannu da sabulu. Masu zuwa barka a bakin ƙofa suke tsayawa, wasu suna tafiya da fushi, Inna ta ce su yi ta yi. Da yake bakinta bai yi ƙarfin tsotso sosai ba, in ta ɗan kama nono ta gaji, sai Auta ta tatsa a ɗan ƙaramin kofi ta kai mata bakin leɓe, ita kuma ta riƙa lasa kamar ɗan kyanwa. Kuma akai-akai ake ba ta, ko tana barci sai an tashe ta. Auta ta saita wayarta tana kaɗawa idan lokaci ya yi.

In Auta za ta shiga wanka ko za ta miƙe bayanta, Inna ce ke karɓa, ta ɗaura ta a nata ƙirjin. Dogo bai taɓa karɓa ba. Ko yatsa bai taɓa kai mata ba. In an miƙo masa sai ya ce yana warin kaji, in ya yi wanka sai ya ce hannunsa da sanyi. Gaskiyar ita ce in ya dubi hannayensa, manya, masu kanta, duk buhun abincin kaji da igiya sun tsattsage su, sannan ya dubi wuyan yarinyar da bai fi babban yatsansa kauri ba, sai ya ja da baya don kada ya ji mata ciwo. Ya gwammace ya ɗebo ruwa, ya wanke kunzugu, ya tafasa ɗan kofin sau nawa aka ce. Auta ta gane, ba ta matsa masa ba. Takan ce dai, "'Yar Tsako, gai da babanki, ga shi can ya laɓe a bayan ƙofa kamar baƙo."

Ana cikin haka Inna ta tashi da mura. Ita da kanta ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin waje, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta ce Sista ta gargaɗe su cewa murar da babba zai yi atishawa ya wuce, bakwaini tana iya kwantar da shi. Tana dafa abinci ta ajiye a bakin ƙofa, ta leƙa ta taga, amma ba ta shiga. Ƙirji ya koma ɗaya a gidan.

Auta ba mai ƙorafi ba ce, amma Dogo yana ganin yadda take zubewa. Idanunta sun faɗa. Ɗinkin na ja mata in ta daɗe a zaune. Wata rana bayan la'asar, Inna ta fita sayen maganin tari, ruwa na ta yayyafi, ya shigo ya tarar Auta ta gyangyaɗa da kofin a hannu, nonon da ta sha wuyar tatsa ya zube a cinyarta. Ta dubi zanin da ya jiƙe, sai kawai hawaye. Ta sake tatsa, ta ba yarinyar, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Karɓe ta mana. Kaɗan kawai, in rufe idona."

Ya dubi hannunsa. Sai ya juya ya dubi lungu. Ya ce ai ga akwati, an yi shi ne don irin wannan ranar; ɗumin kwalbar asibiti da wannan duk ɗaya ne, shi ma zai zauna a gefe ba zai motsa ba. Da a ce Auta ta sami barci ko rabin na mutane, da ta yi masa dariya kamar ranar farko. Amma ta kai inda mutum ba ya iya musu. Ita da kanta ta sa wa yarinyar riga ta kwantar da ita a kan audugar, ta ce da wayar ta kaɗa ya tashe ta. Kanta bai gama sauka a filo ba ta yi barci.

Dogo ya kunna ƙwan ya ja kujera. A karo na farko tun haihuwar ya ji yana da amfani. Aikin ya san shi kamar sunansa. 'Yan tsaki in suna jin sanyi sai su cunkushe a ƙarƙashin ƙwai suna ta tsiwa. In zafi ya yi yawa sai su watse su manne da bango, baki a buɗe. In kuwa suka kwanta suka yi shiru, to komai ya daidaita, mai kiwo ya je ya sha shayinsa. Da aka kwantar da 'Yar Tsako ta ɗan yi ƙorafi, tana wutsil-wutsil da ƙafa. Ya ce sanyi ne. Ya sassauta igiyar ƙwan ya sauko, ya rufe taga saboda feshin ruwa, ya ƙara mata ɗan bargo. Ya duba ma'aunin da ya rataya a bangon akwatin, can gefe inda ya saba rataye shi, ya ga bai hau da yawa ba. Can sai ta yi shiru.

Ya yi murmushi shi kaɗai.

Da wayar ta fara kaɗawa, ya kai hannu da sauri ya kashe ta. Ya dubi Auta, bakinta a ɗan buɗe, hannunta ɗaya na lilo a gefen gado, barcin da ba ta yi irinsa ba tun kafin asibiti. Ya dubi yarinyar, ita ma shiru. Ya ce a ransa mai jin yunwa ai kuka yake yi. Ya bar su.

Nono ne ya tashi Auta, ya cika har ya jiƙa mata riga. Ta dubi hasken taga ta ga ya canja, ta dubi wayar, ta sauko ta kai hannu cikin akwatin. Yadda ta janye hannun ta sake mayarwa, shi ya nuna wa Dogo ba lafiya. Yarinyar ta yi ja wur, jikinta zau kamar an ɗauko ta daga rana, numfashinta sama-sama, leɓenta a bushe. Auta ta ɗaga ta, hannayenta suka zube kamar na 'yar tsana. Ta kai mata nono, ba ta kama ba.

Dogo ya fizge wayar ƙwan daga bango. Ya ce bari ya ɗebo ruwan randa, Auta ta ce kada ya kuskura, ya kira Sista. Sai da ya yi kuskuren lamba kafin ya same ta. Sista ba ta tambayi laifin wane ne ba. Ta ce a cire bargo da riga, a buɗe taga, kada a taɓa ta da ruwan sanyi, a ɗiga mata nono a leɓe in za ta lasa, in ba ta lasa ba kada a ɗura, kuma su taho yanzu, kada su jira su ga ko za ta warware. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Inna tana dawowa da ledar magani. Ta dubi fuskokinsu, ta matsa gefe ta ba su hanya.

A asibiti aka karɓe ta aka shiga da ita, Auta ta bi su. Likita ya fito ya ce zafin jiki a wurin bakwaini ba a yi masa wasa, sai sun ɗebi jini sun tabbatar ba wata cuta ce ta shige ta ba. Dogo ya zauna a benci a baranda, takalminsa duk laka, yana kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo. Ba ya tunanin komai sai hannayen nan biyu da suka zube.

Da Sista ta fito, sai ta zauna kusa da shi ta sauke numfashi irin na wanda ya wuni a tsaye. Ta ce zafin ya fara sauka, yarinyar ta lasa nono a kofi, ta kuma yi kuka, wanda shi ne abin da suke son ji. Za a riƙe ta zuwa gobe. Sannan ta ce ya ba ta labari. Ya faɗa mata duka, da katakon, da ƙwan, da bargon, da wayar da ya kashe. Ta saurara har ya gama. Ta tambaye shi yadda yake gane zafi ya yi wa 'yan tsakinsa yawa. Ya ce ai mai sauƙi ne, guduwa suke yi su koma gefe.

"To ita ina za ta gudu, Malam?"

Ta ce irin waɗannan yaran ba su da ƙarfin da za su yi ƙorafi. Sanyi ya kama su, shiru. Zafi ya kama su, shiru. Yunwa ma sai ta sa su ƙara nutsewa cikin barci. Kwalbar asibiti tana jin jikin yaro tana rage kanta tana ƙarawa, ƙwan lantarki kuwa bai san akwai mutum a ƙarƙashinsa ba. A gida abin da ya fi kusa da kwalba shi ne ƙirjin mutum, don ba ya wuce ɗumin jiki, kuma mai ɗauke da yaro yana jin kowane motsinsa. Ta ce matarsa ba za ta iya ita kaɗai ba, jikinta bai warke ba. Ko dai a sami ƙirji na biyu a gidan, ko su bar yarinyar a nan har ta yi ƙwari.

Ya buɗe mata tafukan hannunsa, kamar wanda ke nuna shaida. Ta dube su da kyau. Ta ce ta ga waɗanda suka fi waɗannan muni, kuma ba da hannu ake ɗumama yaro ba. Ta ce ya je gida ya yi wanka, ya yanke farce, ya sa kayan da bai taɓa shiga wurin kaji da su ba, ya dawo da safe.

Da safe sakamakon jini ya fito lafiya. Aka zaunar da shi a kujera mai jingina a bayan labule, ya wanke hannu har gwiwa, ya cire riga yana kallon silin don kunya. Sista ta ɗauko yarinyar ta ɗora masa a tsakiyar ƙirji, ƙafafunta a naɗe kamar na kwaɗo, ta juya mata kai gefe, ta ɗan ɗaga haɓarta, ta zagaya su da zani ta ɗaure a gefen haƙarƙarinsa. Ya daina numfashi. Sai da Auta ta ce masa in ya suma ba mai iya ɗaga shi, sannan ya saki iska a hankali.

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Abin da ya fara ji shi ne ɗan danshin numfashinta a fatarsa, sai kuma wani bugu ƙarami mai sauri a saman nasa babba. Ta murɗa, ta tura kai, ta nemi wuri, hannunta ya lalubo gashin ƙirjinsa ya damƙe. Ya ji zafin jan har cikin ido, amma bai motsa ba. Sista ta ce ya yi mata magana, suna jin murya kuma tana taimaka musu girma. Ya rasa abin da ake faɗa wa mutum mai wannan girman. Can sai ya ji bakinsa na gaya mata cewa farashin dusa ya tashi, kuma akwai wata kaza mai ɗingishi da ta fi kowa wayo.

Da suka koma gida, aiki ya rabu. Da safe ya gama da kaji, ya bar takalmi da kayan aiki a bayan katanga, ya yi wanka da sabulu, sannan ya karɓi 'Yar Tsako, Auta ta kwanta. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne zama ba riga, ɗaure da zanin matarsa mai furanni, alhali surukarsa na tsakar gida. Ranar farko da Inna ta leƙo ta taga ya rasa inda zai sa kansa. Ta dube shi ta saman ɗankwalin da ke hancinta, ta ce ita dai ta aurar da 'ya ɗaya, ba ta san za ta sami mai jego biyu ba, ko shi ma a dama masa abin sha mai zafi? Ya ce, "Ku yi haƙuri, Inna," bai ma san haƙurin me yake bayarwa ba. Ta tafi tana dariya tana tari. Bayan ɗan lokaci sai ga kofi a bakin ƙofa, biyu.

Akwatin bai tafi bola ba. Ya cire ƙwan da sandar, ya kwashe audugar, ya yanko katifa sirara mai tauri daidai cikinsa, domin Sista ta ce in yarinyar ta yi ƙwari ta fara ƙin ɗauri, a irin wannan za a riƙa kwantar da ita, a rigingine, babu filo babu tarin tsummoki. A awo na gaba allurar sikeli ta ɗan matsa. Ba da yawa ba, amma ta matsa, kuma ta inda ake so.

Wata rana da hantsi, ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo ta taga. Yana jingine da ita a ƙirji yana ba ta labarin yadda ake gane ƙwai mai kyau, sai ta ɗago kai kaɗan, ta buɗe ido ɗaya, ta bi muryar har ta sami haɓarsa. Ta daɗe tana kallo da fuskar tsohuwar da ba ta yarda da ciniki ba, sannan ta koma barci. Ya so ya kira Auta ta gani, amma Auta ta yi nisa, hannunta na lilo a gefen gado.

Ɗakin ya yi tsit. Ya zura yatsu biyu cikin zanin ya taɓa ƙafar yarinyar, ya taɓa cikinta, ya ji ɗuminsu ɗaya. Ya saurari numfashinta. Sai wayar ta fara kaɗawa a kan filo. Auta ba ta ko motsa ba. Ya dube ta, tausayi ya cika shi kamar wancan karon. Ya shafa tafin ƙafar 'Yar Tsako da babban yatsansa har ta ɓata fuska ta buɗe baki, sannan ya miƙa ɗaya hannun ya taɓa kafaɗar matarsa.

"Auta, tashi. Lokacinta ya yi."